Matar da Aka Cire Daga Jana'izar Vom

Katin kyamara uku Chollom ya ajiye a kan teburin Mahdi, a ɗan shagonsa na haɗa bidiyo da ke Gada Biyu a Jos. Jana'izar mahaifinsa ce a ciki, Baba Hezekiya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kula da shanun madara a Vom. Ranar Asabar aka binne shi, 'yan uwa na Legas da na ƙasar waje kuma suna jiran su kalla a waya.

"Akwai wani mata da hijabi a bakin kabari," in ji Chollom. "Ka cire shi gaba ɗaya. Ko ƙafan shi kar na gani."

"Oga, baƙuwa ce?"

"Yarinyan babanmu ne, Abigel. Shekara talatin ya bar gida, ya bar coci, ya canja suna. Yanzu ne ya zo kuka. In ka gama, ka goge komai na cikin katin."

Mahdi ya gyaɗa kai. Ba yau ya fara ba. Ya taɓa cire tsohon saurayin amarya daga liyafar biki, ya cire ɗan siyasar da ya sauya jam'iyya daga taron da shi ya shirya. Wannan karon ɗiya ce za a raba da jana'izar ubanta, amma ina ruwansa da rigimar gidan wasu? Chollom ya yi masa alkawarin duk aikin bikin Kirsimeti na cocinsu idan ya yi kyau.

Aikin ma mai sauƙi ne. Manyan kyamarori aka yi amfani da su, hotonsu ya ninka abin da waya ke buƙata sau huɗu. Yana iya jawo tsakiyar hoto, ya yar da gefe da duk wanda ke tsaye a wurin, babu wanda zai gane. Matsala ɗaya, tsohuwar kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Don haka ya yi yadda ya saba, ya fitar da ƙananan kwafi masu dishi-dishi, ya jera ukun a allo, ya daidaita su a kan bugun gangar farko ta mawaƙan coci.

Ga ta nan a kyamara ta ɗaya, wadda aka kafa can nesa a kan dutse. Ɗan ɗigo ce mai ruwan ƙasa, tana tsaye ita kaɗai, mutane sun bar mata fili kamar mai cuta. Ya jawo hoton zuwa dama, ta ɓace. A ta biyu bayanta kawai ake gani, ya yanke ya koma ta uku. A ta ukun gefen hijabinta ne ke leƙowa bayan fasto, ya matse hoton har kunnen faston ya kusa tafiya tare da ita.

"Baiwar Allah, ki tsaya wuri ɗaya mana," ya ce da allon.

Da azahar ya buɗe kular abincin da ya taho da ita daga gida. Gwaten acca ne, wanda duk unguwarsu ta Congo-Russia babu mai yinsa kamar mahaifiyarsa Umma, har maƙwabta na tsokanarta wai ina marainiyar Bauchi ta koyi girkin mutanen duwatsun Filato. Yau babu gishiri a ciki. Kwana uku ke nan hankalinta ba ya jikinta, tun da ta dawo daga wata gaisuwar rasuwa. Ya ci rabi, ya rufe, ya koma aiki.

Wurin zuba ƙasa ne ya ba shi wahala. 'Ya'yan mamaci sun jeru, kowa ya ɗebi ƙasa ya zuba, sai matar ta kutso tsakiyarsu ta durƙusa. A nan babu gefen da za a yar, dukkan kyamarorin sun kama ta. Wani ya janye ta da ƙarfi, ta faɗi zaune, ƙasar na hannunta ba ta zuba ba. Mahdi ya tsayar da hoton a nan. Ya ɗauko hoton furanni da na mawaƙa ya rufe wurin, ya rage ƙarar kukanta a ƙarƙashin waƙa har ya nutse. Da ya sake kallo daga farko, shi kansa sai da ya yaba wa hannunsa. Baba Hezekiya ya tafi da 'ya'ya huɗu a bakin kabarinsa, kamar ba a taɓa haifar ta biyar ba.

Kafin la'asar ya tura. Minti goma ba a yi ba Chollom ya amsa cewa ya watsa wa dangi, kowa na sa albarka, kuma kar a manta da gogewa.

Ya goge kati na uku. Ya goge na biyu. A na ɗaya ya tsaya, don son gani kawai, irin na mai aikin da ya wuni da mutum bai san fuskarsa ba. Ya buɗe ainihin hoton mai nauyi, kwamfutar ta yi ta nishi kafin ta nuna shi. Ya kai wurin da take zaune a ƙasa, ya jawo ɗigon nan sau biyu, sau huɗu. Babbar kyamara ba ta ɓoye komai. Hawayen ya fito, tabon goshin da ya sani tun yana yaro ya fito, da hannun da ke damƙe da jar ƙasa.

Umma ce.