Ratar Yatsa Ɗaya

A kasuwar Katako kafintan da ya yi wa ɗanta aiki ya tare ta da fara'a.

"Mama, ya kantar macizan ɗanki? Ai aikin oga na yi! Saman kowace durowa na bar ratar yatsa, kada ta cije in damina ta kumbura katako."

Ita ta hana ɗanta sayen ta roba mai murfi, wai kowa ya ce katako ya fi. Jiya ya zuba macizan ciki ya tafi garin Vom.

Ta dubi yatsarta. Daidai kaurin macizan ke nan.

"Mama, lafiya?"

A sanyin Jos maciji ɗumi yake bi, ita kuwa ta bar jikarta tana barci cikin bargo a ɗakin da kantar take, ta kulle musu ƙofa.