Gonar da Ta Ƙi Kamuwa

Tun da kamfanin batir ya fara sayen ganyen wake mai cuta, gaisuwar manoma ta canja. Yanzu cewa ake yi, "Allah ya sa ta kamu."

Gonar Kande ta ƙi kamuwa, kore shar kamar da gangan. Ta maƙwabciyarta Ladidi kuwa ta yi rawaya, ganye duk ya nannaɗe, har motar kamfani na tsayawa a bakinta. Da batirin da suka ba ta Ladidi ke kunna firji, tana aiko wa Kande ƙanƙara. Kande zubarwa take yi.

Ran nan da hantsi ta faki ido, ta tsinko ganyen Ladidi, ta bi shukarta kaf tana murza mata shi, har tafinta ya rine.

Tana miƙewa sai ga Ladidi.

"Yaya Kande, wallahi gonarki na tsone min ido. Ke kaɗai kika rage mai wake a garin nan. Autana ya ishe ni da kukan alala. In kin girbe, ki tuna da mu."

Kande ta cusa hannunta cikin mayafi.