Gurbin Taɓarya

Zauna mana, ɗan nan, wannan kai da komowa taka ta isa haka. Ka ce maƙwabcin rumfarka da kullum kuke cacar baki ya tashi daga kasuwa, ba son sa kake yi ba, amma tun da ya tafi ka rasa sukuni? To, buɗe kunne.

An yi wasu mata biyu masu dakau, turmi ɗaya suke sa wa taɓarya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Ba dangin iya ba na baba, kuma ba sa ga-maciji. Doguwar ta ce gajerar raguwa ce, gajerar ta ce bakin doguwar ya fi hannunta aiki. A haka suka tsufa. Ran nan gajerar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Doguwar ta je gaisuwa ido a bushe, ta dawo ta zuba gero a turmi. Ai fa sai daka ya ƙi! Ta buga ɗaya, hannu ya tsaya cak a sama, sai da ƙyar yake saukowa. Ta ce zafin rana ne, ta ja turmin gindin darbejiya. Ta ce nauyin taɓarya ne, ta aro wata. Ta kira wata mata su yi tare, taɓare suka dinga karo. Ta shafa man zafi a kafaɗa, ta sha jiƙe-jiƙe, duk a banza. Masu kawo gero suka fara kwashe ƙorensu suna kaiwa wani gida, abincinta ke nan yake sulalewa, ita kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Wata rana da hantsi ta buga, hannu ya sake tsayawa, sai ta ji bakinta ya ce, "Sauke mana, raguwa!" Shiru. Ashe hannun nan lafiyarsa ƙalau, bugun abokiyar faɗanta yake jira. Nan ta saki taɓarya, ta rungume turmi, ta fashe da kukan da ba ta yi ba a gidan makoki.

Kai naka da sauƙi, ɗan nan, mutuminka yana da rai. Tashi ka bincika inda ya koma, ku ɗora faɗanku. Masu iya magana sun gama cewa: ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa kuka.