Rumfar Korar Tsuntsaye

Mun sha wahala a Maska, amma yinin nan ya fi ci mini rai. Baba ya ɗora ni kan rumfar korar tsuntsaye a gonar gero, ya miƙo mini majajjawa.

Ya ce, "Ladabi shi ne ka zauna inda babba ya ajiye ka. Kada ka sauko sai na kira."

Daga can na hango wata mace da ƙwarya a ka, ta kama hanyar Gozaki tana waiwaye. Ban sauko ba. Ashe Inna ce. Baba ne ya sake ta, ya kawar da ni don kada in bi ta.

Har yau in aka yabi yaro da ladabi, ɗaci nake ji. Washegarin tafiyarta na hau rumfar, na bar tsuntsaye suka ci geron.