Kwanon Ruwa a Kujerar Gaba

Da na ga ƙafafun mijina sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa ta ɗaukar kaya, sai raina ya ɓaci. Shekara shida ina mitar motar nan mai jijjiga mutum kamar ana tankaɗe, amsarsa ɗaya ce: "Doya nake ɗauka, doya kuwa ba ta taɓa kawo ƙara ba." Sai yau da zai kai ni gidanmu a Adogi ya ga damar kwance ta a ƙofar gida.

"Haba Maigida, sai yau?"

"Miƙo min sifana."

Ya ciro tsofaffin ƙwallayen shokozoba guda huɗu masu rage jijjigar mota, ya ɗaura sababbi, ya ɗura mai, ya yi ta tsiyayar da shi har kumfa ta daina fitowa. Sannan ya cika kwanon sha fal da ruwa, ya ɗora a kujerar da nake zama, ya ja motar zuwa ramukan bayan layinmu.

Da ya dawo ya shafa kujerar, ya ji danshi. Ya koma ƙarƙashin motar.

A zagaye na uku kujerar ta dawo a bushe. Ya goge hannunsa, ya buɗe min ƙofa, idonsa a ƙasa.

Ban gaya wa kowa ina da ciki ba, ko Innata. Cikin bai wuce wata biyu ba, na baya kuwa a wannan hanyar ta Adogi ya zube.

"Ku hau a hankali," ya ce, "ku duka biyun."