Shaidar Farin Hayaƙi

Kafin bakaniken layin ya iso, an riga an fasa wa Dogo baki. Daga ɗakinsa aka jawo shi da singileti, cikin sanyin nan mai kaɗa haƙora, aka shimfiɗe shi gaban a-kori-kurarsa. Wani da gora, wani da sarƙar babur, kowa na neman inda zai sauke nasa.

Can bakin kwana gawar wani tsoho mai gadi ce kwance, an lulluɓe ta da zane. Yana dawowa daga aiki da sassafe mota ta kwashe shi ta wuce. Matar da ta gani ta ce farar a-kori-kura ce, iyakar saninta ke nan. Dogo direban kaya ne, motarsa fara ce, bambarta kuma a lotse. Shi ke nan an gama shari'a. Taron jama'a kuwa ka san shi, kawuna ɗari, hankali ko na mutum ɗaya babu.

Ɗan marigayin mahauci ne, ƙato, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Ya danne ƙirjin Dogo da gwiwa, ya zare wuƙar aikinsa. Dogo na aman jini yana rantsuwa tun jiya bai taɓa makulli ba. Wa zai ji shi?

Bakanike bai ko kalli wajen gawar ba, ya kutsa tsakiyarsu. Gora ta sauka a kafaɗarsa, sarƙa ta yage masa kunne, ga goshinsa dama a kumbure. Duk da haka ya kama hannun mahauci da hannu biyu ya riƙe gam.

"Baba, sake ni," in ji mahauci. "Wallahi ina ganin girmanka."

"Lotsewar nan ta bara ce, ni na san ta. Ba shi ba ne."

"Kai ka ga wanda ya yi?"

Bakanike ya kauce wa tambayar. Ya ce shekara talatin yana cikin baƙin mai, ya san abin da mota ba ta iya ɓoyewa. Wadda ta kwana a sanyi irin wannan, raɓa na taruwa a salansarta, da an tashe ta sai ta yi ta feso farin hayaƙi. Wadda ta sha gudu yanzun nan cikinta da zafi, ba za ta yi ba. "A tashe ta. In babu hayaƙi, ka yanka shi, ka haɗa da ni."

Aka zaro makulli daga ɗakin Dogo. Inji ya yi tari sau uku kamar tsohon mashayin taba, a na huɗu ya kama. Sai ga hayaƙi fari fat ya turnuƙe bayan motar, har ya rufe ƙafafun mutane. Gani ya kori ji. Mai gora ya jingine gorarsa, mai sarƙa ya sulale, kowa ya koma mutumin kirki. Aka ɗaga Dogo, hannunsa na dama na lilo, karaya biyu.

Mahauci ya miƙe a hankali, hawaye na bin fuskarsa, wuƙar dai ba ta koma kube ba. Ya tambayi fararen a-kori-kura nawa ne a layin. Aka ce huɗu, in an haɗa da ta bakanike da ke ƙarƙashin tampol.

"Duk za a tashe su, yanzu, kafin su huce," ya ce. "Baba, Allah ya saka maka, ka hana ni ɗaukar alhaki. Kai ne alƙalinmu. Mu fara da taka, don kada a ce an yi son kai."

Jama'a suka buɗe masa hanya cikin girmamawa. Bakanike ya sa hannu aljihu ya fito da makulli, ya shige gaba, mahauci na bin sa da wuƙa tsirara. Ya san tasa ba za ta yi hayaƙi ba, don ko rabin awa ba a yi ba da ya kashe ta, ya ja mata tampol, ya goge jinin tsohon daga fitilarta.