Abin da Ke Raba Gishiri

Ranar da ta koma aji bayan fita takaba, darasin haɗuwar ƙwayoyin zarra ta tarar yana jiranta.

"Wasu tarayya suke yi," ta ce wa ɗalibanta. "Amma a gishiri, ɗaya ke ba da ilektiron ɗinta ɗungurungum, ɗayar ta karɓa, su manne. Ko wutar murhu ba ta raba su."

Ta dafa tabon kwiɓinta, inda aka cire ƙodar da ta ba mijinta.

"Malama, to me ke raba su?" wata ɗaliba ta tambaya.

Ta tuna yadda aka tsamo motarsa daga kwalbatin Dutse Alhaji bayan ambaliyar Agusta. Ta ajiye allin.

"Ruwa," ta ce. "Ruwa kawai."